Na ce mu yi mota da kwali, muka ƙare da kuka

Maman Uku:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Masu yara ƙanana don Allah ku matso, abin ya fara isata. Yarana uku, babban shekara shida, mai bi masa huɗu, autar kuma saura wata biyu ta cika biyu. Tun da aka yi hutu waya ta zama abin faɗa a gidan nan. Ido na buɗewa "Mama katun", in na hana a yi ta birgima a ƙasa. Sai na ce bari in gwada abin da nake gani a bidiyo, inda za ki ga uwa ta zauna da 'ya'yanta suna yanka takarda suna liƙawa, kowa na murmushi, ɗaki tsaf kamar ba yara a ciki.

Jiya na samo kwali, na tara marafan gora huɗu, na ce yau mota za mu yi. Ko minti goma ba mu yi ba. Babban ya yanke ƙofa a karkace, na ce ba haka ba, kawo in gyara. Mai huɗun ta juye rabin kwalbar gam a kan tabarma. Autar ta ɗauki marfi ta kai baki, na ƙwace, ta fasa ihu. Kafin in ankara duk sun watse sun bar ni ni kaɗai ina liƙa taya kamar wadda aka ba kwangila. Motar ta yi kyau kam, har hoto na ɗauke ta. Amma har yanzu ba wanda ya taɓa ta, tana can saman kabad. Da yamma kuma na tarar da mai huɗun ta shige cikin ragowar kwalin da na yar, wai jirgi ne, tana ta tuƙi.

Ni ce ban iya ba, ko dama abin na bidiyo ne kawai?

Uwar Tagwaye:
Wa alaikumus salam. Wayyo cikina, wai kamar wadda aka ba kwangila! 'Yar'uwa ba ke kaɗai ba ce. Waɗancan na bidiyon sun yanke wurin kukan ne, su ma ana yi. Ni ranar da na fara ba nawa fenti, sai da na yi wankan mutum biyu da bango ɗaya.

Baban Auta:
A gafarce ni, namiji ya faɗo cikin zancen iyaye mata. Ni a ganina wahalar da kai ce kawai. Uwa ta yi girki ta yi wanki ta yi shara, sannan a ce ta zauna tana yanka kwali? A saya musu mota ta roba, su tura abarsu, kowa ya huta.

Malamar Rabin Aji:
Maman Uku, ki sake karanta abin da kika rubuta, amsar tana layin ƙarshe. Motar da kika yi taki ce, shi ya sa take saman kabad. Jirgin kuma nata ne, shi ya sa take ciki.

Shekarata goma sha ɗaya ina koyar da yara 'yan uku zuwa biyar, kuma kuskuren da na fi gani wurin iyaye, har da ni kaina a farko, shi ne mu shiga aikin da hoton abin da muke so ya fito a ranmu. Yaro bai san da wannan hoton ba. Shi abin da ke gabansa shi ne ƙarar da almakashi ke yi in ya ci takarda, da yadda gam ke danƙo a yatsa. Daga lokacin da kika ce "kawo in gyara", kin gaya masa nasa bai yi ba, to me zai zauna yi?

Sannan kin haɗa yara uku masu shekaru daban-daban a aiki ɗaya. Hannun yaro da matakinsa yake tafiya. Ɗan shekara biyu yaga takarda da cukuikuye ta shi ne aikinsa. Wajen biyu da rabi zuwa uku yake fara datsa bakin takarda da almakashi, ƙyas ƙyas, ba tare da bin layi ba. Bin miƙaƙƙen layi sai wajen uku da rabi zuwa huɗu, yanke da'ira kuma bayan nan. Haka zane: galibi ɗan uku zai kwaikwayi da'ira, ɗan huɗu ya kwaikwayi gicciye, mai kusurwa uku kuwa sai wajen biyar. Kwali mai kauri ko babba yana shan wuya kafin ya yanka shi da ƙaramin almakashi. Wanda ya fitar da ƙofa a jikinsa yana ɗan shekara shida, ko a karkace ne, yabo ya kamata ya sha.

Maman Uku:
Malama kin taɓo ni. Gaskiya da na ce kawo in gyara na ga ya saki almakashin ya yi shiru, ban kawo komai a raina ba.

Mai Keken Ɗinki:
Ni fa Malama ban yarda da ke duka ba. Wannan zancen na a bar yaro ya yi abin da ya ga dama, shi ke sa yara su taso ba su iya komai da hannunsu ba. Ni da aka koya min ɗinki, in na yi layi a karkace farke shi ake yi in sake, ba a taɓa ce min ya yi kyau don a faranta min ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In yaro ya kawo miki jagwalgwalo kika ce masa ya yi kyau, ai ƙarya kika yi masa.

Uwar Tagwaye:
Anti Mai Keke, shekararki nawa lokacin da ake farke miki ɗinkin?

Mai Keken Ɗinki:
Sha uku ko sha huɗu.

Uwar Tagwaye:
To kin gani. Mu 'yan shekara huɗu muke magana.

Malamar Rabin Aji:
Anti, akwai inda muka haɗu. Ni ma ba na cewa a bar yaro kara zube. Riƙon almakashi ana koya shi: babban yatsa a sama, ɗayan hannun yana juya takarda, ba a tafiya da shi a buɗe, in za a miƙa wa wani a riƙe bakin a miƙa mariƙin. Gam ɗigo ake sawa, ba kwarara ba. Wannan duk ina tsayawa a kai, ba sassauci. Inda nake janye hannuna shi ne abin da za a yi da kayan. Ke koyon sana'a kike, akwai mai riga da ke jira. Shi kuma hannun ne ma bai gama nuna ba.

Kuma ba sai kin yi ƙarya ba. Ni ba na cewa "ya yi kyau". Cewa nake "ba ni labarin wannan". Za ki sha mamaki. Wata yarinya ta taɓa kawo min takarda ta cika ta da baƙi ƙirin, na zaci ɓarna ce. Na ce mene ne wannan, ta ce kyanwarsu ce a ɗaki an kashe fitila.

Jagwalgwalon ma ba banza ba ne. Akwai wata malamar yara a Amurka, Rhoda Kellogg, da ta tara zanen yara wajen miliyan ɗaya daga ƙasashe daban-daban, ta ware kalar jagwalgwalo iri 20 da yara ke farawa da su kafin zane ya fito. Ku lura da mutumin farko da ɗan uku ko huɗu zai zana: ƙaton kai, ƙafafu biyu suna fitowa daga kan kai tsaye, ba ciki ba wuya. Kusan ko'ina a duniya haka yara ke yi, ba wanda ya koya musu. In kin ƙwace fensir kin ƙara masa ciki, ba ki gaggauta komai ba, da kansa zai sa in lokacin ya yi.

Mai Keken Ɗinki:
Kyanwa a duhu! To na ji wannan. Amma ɗan shida dai a fara nuna masa daidai, ban janye ba.

Nas ɗin Yara:
Ku yi haƙuri zan katse muku daɗin hira, don ni inda idona ya tsaya shi ne "autar ta ɗauki marfi ta kai baki". Maman Uku, ƙwacewar da kika yi ita ce aikin da ya fi kowanne kyau a ranar, ko da ta yi ihu.

Ƙa'idar da masu ƙera kayan wasa ke bi ita ce, duk abin da zai shige cikin wani ɗan bututu mai faɗin milimita 31.7 ba a ba ɗan ƙasa da shekara uku, don zai iya toshe masa hanyar numfashi. A gida ba sai kin nemi ma'auni ba. Ɗauki kwalin da ke tsakiyar tishu, duk abin da ya wuce ta cikinsa ki ɗauke shi daga gaban autar. Marfin gora, maɓalli, duwatsun ado, murfin biro, duk suna wucewa.

Abu uku kuma ina roƙonku kada su shiga kwandon kayan aikin yara ko kaɗan. Na ɗaya ƙaramin batir mai kama da maɓalli, irin na agogo da rimot da katin gaisuwa mai waƙa. In ya maƙale a maƙogwaro yana iya ƙona naman wurin cikin awa biyu, kuma yaro zai iya zama kamar lafiyarsa ƙalau da farko. In kina ko zargin ya haɗiya, asibiti nan take, kada a sa shi amai, kada a ce bari a ga gobe. Na biyu ƙananan maganaɗisu. In yaro ya haɗiye biyu ko fiye, suna janyo juna ta cikin hanji su matse shi har ya huje. Na uku balan-balan da ba a hura ba ko guntun wanda ya fashe, yana liƙewa a maƙogwaro ya ɗauki siffar wurin, fitar da shi wuya ne.

Sai leda, da doguwar igiya da za ta iya zagaye wuya, da bokitin ruwan wanke hannu da ake ajiyewa a gefe. Ɗan tatata in ya faɗa da ka cikin bokiti ba ya iya fitar da kansa, ruwa kaɗan ya isa. A gama, a zubar.

Amaryar Bara:
Innalillahi. Ni nawa watansa tara, yanzu na tashi na duba rimot, murfin batir ɗin ma a ɓalle yake. Allah Ya saka da alheri Anti Nas.

Kakar Bakwai:
'Ya'yana, ni na karanta duka, abin da na gani shi ne kun ɗora wa kanku kaya. Ni na haifi shida, ban taɓa zama na ce yau za mu yi kaza ba. Ina aikina suna gefena. In ina ɗinke-ɗinke in jefa musu ƙyalle, su naɗe shi su ɗaure da zare, ya zama 'yar tsana, har suna ake raɗa mata. Gwangwani ya zama tukunya, ya zama ganga, ya zama mota, duk a yini ɗaya. Yaro ba ya buƙatar ki zama abokiyar wasansa, yana buƙatar ya ɗaga kai ya gan ki.

Yanzu jikokina in sun zo akwai wani tsohon kwando da nake tara musu tarkace a ciki, kwalaye, safa da ta rasa 'yar'uwarta, zare, tsofaffin jaridu. Ba na ce musu komai. Sharaɗina ɗaya, wanda ya baza shi zai kwashe.

Maman Uku:
Mama Allah Ya ƙara girma. Amma su naku ba su taso da waya a gida ba, namu in an ajiye musu kwali kallonki za su yi su ce katun.

Kakar Bakwai:
Za su ce. Ki bar su su ce. Kwana biyu ne. Yaron da ya rasa abin yi shi ke ƙirƙiro abin yi, amma ku ba kwa iya jure ganin yaro yana zaune yana ƙunƙuni na minti biyar.

Ma'aikaciya:
Ni irin wannan hirar tana sa ni jin kamar na gaza. Ina fita tun safe, in dawo a gajiye liƙis, ga girki. In ban miƙa wa yarinyar waya ba ko albasa ba zan yanka ba. Masu cewa a zauna a yi fenti, yaushe?

Nas ɗin Yara:
'Yar'uwa ba ki gaza ba, ni ma aikin kwana nake. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 shi ne, ɗan ƙasa da shekara biyu kada a zaunar da shi gaban allo, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana, in ya gaza haka ya fi. In taki ta kai uku, rabin awar da kike girki ba ita ce matsalar ba. Matsalar ita ce in ya zama da safe waya, da rana waya, wurin cin abinci waya.

Uwar Tagwaye:
Ma'aikaciya ga abin da ya cece ni lokacin girki, kwaɓin wasa. Fulawa kofi 2, gishiri kofi 1, ruwa kamar kofi 1 amma a hankali za ki riƙa zubawa, da mai cokali ɗaya don ya yi laushi. Ki murza har ya daina kama hannu. In kina so ki ɗiga kalar abinci. Na kan raba biyu, in sa wa ɗaya shuɗi ɗaya rawaya, ranar da suka cakuɗa su suka ga kore ya fito sai da suka kira ni da gudu kamar an yi gobara. Ina shimfiɗa musu tsohuwar jarida a bakin ƙofar kicin inda nake ganinsu, in ba su cokali da murfin roba, minti talatin ba na jin motsinsu. In an gama a sa a roba mai murfi. Abin da suke so ya zauna kuma a bar shi a iska kwana biyu uku ya bushe ya yi tauri.

Gam ma na daina saya don liƙa takarda. Fulawa kaɗan a dama da ruwa, a ɗora a wuta ƙasa-ƙasa ana juyawa har ta yi kauri, a bari ta huce. Ko an juye a tabarma ruwa ne zai wanke. Kaɗan za ki yi, don ba ya daɗewa yake tsami.

Nas ɗin Yara:
Kwaɓin yana da kyau, amma gishirin da ke ciki ya yi wa cikin ƙaramin yaro yawa ƙwarai, kuma ɗanyar fulawa ba a ci. Wanda har yanzu komai baki yake kaiwa, irin autar Maman Uku, a dakata masa tukuna.

Malamar Rabin Aji:
Abin dariya, kwaɓin wasan nan na kanti mai suna Play-Doh da ake sayarwa a roba mai kala asalinsa ba kayan wasa ba ne. Wani kamfanin sabulu a Amurka ne yake yin sa don goge baƙin hayaƙin gawayi daga takardar da suke liƙawa a bango. Da kasuwarsa ta mutu, wata malamar yara a dangin masu kamfanin ta gwada shi a ajinta, aka fara sayar da shi a matsayin abin wasa a 1956. Uwar Tagwaye ba ki yi nisa da su ba.

Baban Auta kuma ban manta da kai ba. A Jami'ar Toledo an gwada yara 36 'yan wata 18 zuwa 30, aka buga sakamakon a 2018. Wani lokaci a ba yaro kayan wasa 4, wani lokaci 16. Da guda huɗun yaran sun fi daɗewa a kan kowane abu, sun kuma fi sarrafa shi ta hanyoyi daban-daban. Motar roba mota ce yau, mota ce gobe. Kwali kuwa sai abin da yaro ya ce.

Baban Auta:
Malama kin ɗaure ni da jijiyata. Gaskiya akwai wata babbar mota mai rimot da na taɓa kawo wa yarona, kwana uku ya yi da ita taya ta fita, amma kwalinta ya fi wata yana kwana da shi a ɗaki. Ni haushi ma abin ya ba ni a lokacin.

Malamar Rabin Aji:
Ba ɗanka kaɗai ba ne. Akwai gidan tarihin kayan wasa a Amurka da ke karrama fitattun kayan wasa, a 2005 suka shigar da kwali cikin jerin, a 2008 suka shigar da sanda.

Baban Auta:
Sanda! To shi ke nan. Ɗazu ma na gwada masa wayar nan ta kofin roba biyu da zare da muke yi muna yara, na huda gindin kofunan na zura zare na ƙulla. Ya ce ba ya jin komai, na ce wayar ta lalace. Sai daga baya na tuna sai zaren ya miƙe tsam kuma bai taɓa komai ba sannan murya ke bi ta cikinsa. Da muka ja ya ji ni, tsalle ya yi ya yar da kofin. Yanzu haka an hana ni zama, wai in koma bakin ƙofa a kira ni.

Amaryar Bara:
Tambaya ga manya, abubuwan da suka yi fa, ina kuke kai su? Ƙanwata gidanta ya cika da takardu.

Uwar Tagwaye:
Kada ki yarda su gani a kwandon shara, shi ke nan dai. Na taɓa zubar da wata takarda da aka liƙa mata guntun ƙyalle uku, ashe wai ni ce da su biyun. Ɗaya daga cikinsu ya tsinto ta, ya zo ya tsaya a gabana da ita ba ya ko kuka, ya ce "Mama wa ya yar da ke?" Na rasa inda zan sa kaina. Yanzu igiya na ɗaura a bango can sama da maƙalen shanya guda shida. In sabo ya zo, mai shi zai zaɓi wanda za a sauke. Wanda aka sauke in ɗauke shi hoto, in rubuta kwanan wata a bayan waɗanda zan ajiye, saura kuma da dare, a ƙasan leda.

Mai Keken Ɗinki:
Abu ɗaya da ba wanda ya faɗa, ku duba ko yaron bahago ne. Almakashin dama a hannun hagu tauna takarda yake maimakon ya yanka, kuma bakin yana rufe masa layin. Akwai na hagu, bakinsa a juye yake. Na ga yarinyar da aka yi ta yi wa faɗa wai ba ta da natsuwa, ashe almakashin ne.

Maman Uku:
'Yan'uwa na dawo da rahoto bayan kwana biyu. Na bi shawarar Mama, na samu kwando na zuba kwalaye da jarida da tsofaffin safa da salatif, na cire duk abin da ya wuce ta kwalin tishu. Na jira autar ta yi barcin rana sannan na ajiye a tsakar ɗaki, ni kuma na zauna gefe ina ninke wanki. Minti kusan goma ana "Mama katun", na yi kamar ban ji ba, cikina kuwa kamar in miƙa in huta. Can babban ya jawo kwali.

Ba zan ce an yi lafiya lau ba, an yi faɗa a kan salatif har sai da na raba shi gida biyu, kuma kwashewa sai da na ɗaga murya. Abin da suka yi kuwa ban san sunansa ba, kwali uku ne a liƙe da safa tana reto a gefe. Hannuna har ƙaiƙayi yake in miƙar da na saman da ya karkace, na danne. Na ce ku ba ni labari, wai asibitin kyanwa ne, safar kuma ta ƙarin ruwa ce.

Motata ta saman kabad babban ya ce in sauko masa da ita. Na ji daɗi, na zaci wasa zai yi da ita. Tayoyin ya ɓalle, wai gadon marasa lafiya ba shi da taya.

Anti Mai Keke, na lura mai huɗun da hagu take ɗaukar almakashi, amma cokali da dama. Wanne zan nemo mata?

Mai Keken Ɗinki:
Kada ki yi gaggawa. Ki ajiye fensir da almakashin a tsakiyar gabanta, ba ta dama ba ba ta hagu ba, ki yi sati kina kallon hannun da take miƙowa.